Legas ta Ƙarƙashin Gada

Yaron da ya taso daga Kano ko Gusau ko Maraɗi a saman tirelar albasa, ya kwana yana riƙe da igiyar da aka ɗaure buhuna, hancinsa ne zai fara gaya masa an iso Ikko tun idonsa bai ga bene ko ɗaya ba. Da fari warin kasuwar shanu ta Kara, gefen doguwar gada, kuma nan ɗin ma ƙasar jihar Ogun ce tukuna. Sai Berger, bakin gari. Sai gadar Otedola, inda tankar mai ta kama da wuta ranar 28 ga Yunin 2018 ta cinye motoci fiye da 50 da cunkoso ya jera mata. Can gaba kaɗan, in iska ta juyo, wani wari mai nauyi zai turnuƙe hanya, direba kuwa ko hanci ba zai toshe ba. An zo Ojota ke nan.

Warin na jujin Olusosun ne, fili mai faɗin kusan hekta 40 da aka fara jibga wa shara a farkon shekarun 1990, lokacin wurin yana bayan gari. Garin ne ya yi ta kumbura har ya zagaye shi. A saman wannan tudun shara akwai mutane, da yawansu 'yan Arewa, kowa da buhunsa da ƙugiyar ƙarfe, suna jiran motar shara ta juye su rufa mata. Roba gefe guda, gwangwani gefe guda, jan ƙarfe shi ne sarki, ga sikeli ga dillali yana jira. Akwai masu abinci, akwai wanzami, akwai wurin salla. Sabon zuwa zai ɗauka bola ai ta kowa ce. Ina! Akwai shugaba, akwai ƙa'ida, akwai wanda za ka gaisar kafin ƙugiyarka ta taɓa leda ɗaya. A watan Maris na 2018 jujin ya kama da wuta, hayaƙinsa ya yi kwanaki yana rufe unguwannin da ke kewaye.

A gefen wannan jujin Victor Osimhen ya tashi. Ya sha faɗa da bakinsa cewa yana yaro ruwan leda yake tallarsa a tsakiyar motoci, takalmin ƙwallo kuma a bola yake tono shi, ƙafar dama kamfani daban, ta hagu daban. A kakar 2022/2023 ya ci wa Napoli ƙwallo 26 a gasar Serie A, ta ɗauki kofin karon farko cikin shekara 33, ƙarshen 2023 aka ba shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Odion Ighalo kuma a Ajegunle ya tashi, unguwar da iyayen Legas ke tsorata 'ya'yansu da sunanta.

Danfo ita ce motar talaka: ƙaramar bas ruwan ɗorawa da baƙin layi biyu a ciki, kujerun katako, ƙofa in akwai ta to da igiya aka riƙe ta. Kwandasta ba ya zama, a bakin ƙofa yake reto yana kiran sunan unguwa da sauri har kunnen baƙo ba ya rabe Oshodi da Ojodu. Kafin ka sa ƙafa zai yi kashedi cewa kowa ya shigo da canjinsa. Wanda ya yi kunnen ƙashi zai ga aiki wajen sauka: idan kai kana bin sa naira 100, wata mata da ba ka taɓa gani ba ita ma tana bin sa 100, sai ya miƙa wa ɗayanku takardar 200 ya buga jikin mota, direba ya ja. Ku je ku sasanta. 'Yan Legas aure suke kiran wannan, su ce kwandasta ya ɗaura musu aure, kuma ba a rabuwa sai an sami mai ruwan leda ya fasa kuɗin. In za ka sauka kuma "o wa" ake cewa, da ƙarfi, tun kafin a kai. Mai kunya sai ya tsinci kansa tasha uku gaba.

Yayar danfo ita ce molue, doguwar bas mai cin mutum fiye da kima, mai wa'azi a gaba, mai tallar maganin basir da na shawara da na sanyin ƙashi (kwalba ɗaya ce duka) a baya. Tun 2013 aka hana ta haye gada zuwa tsibirin Legas, yanzu sai a yi sa'a ake ganin ta.

A Arewa ɗan kamasho yakan yi lodi a ba shi la'adarsa. Agbero na Legas bai damu da lodi ba. Mota na rage gudu zai daka tsalle ya kama ƙofa, murya a dishe, ido jawur, yana cewa "owo mi da", wato ina kuɗina. Kwandasta ya miƙa, shi kuma ya zana wata alama a jikin mota da maka. Tasha ta gaba wani ne daban da tasa alamar. Akwai kuɗin safe, na rana, na yamma, kafin dare jikin danfo ya koma kamar allon almajiri. Idan aka ƙi biya ba a tsayawa doguwar magana: a cire abin share gilashi, ko madubi, ko murfin tanki, ko a zare kujera guda a ajiye a gefen titi sai an fanshe ta. Da yawansu sanye suke da kayan ƙungiyar direbobi, kore da fari, kuɗin kuma ba a aljihunsu yake kwana ba, hawa yake yi daga ƙaramin reshe zuwa babba har ya kai inda ba a gani. Shi ya sa rikicin shugabancin tasha a Oshodi ko Mushin ko Idumota da adda da bindiga ake yin sa, shi ya sa kuma 'yan siyasa ba sa wasa da su in zaɓe ya matso. A ganina babu hukumar haraji a Najeriya da ta kai su iya karɓa. Ba sa hutun Lahadi, ba sa yajin aiki, kuma babu direban da ya taɓa ce musu fayil ɗinsa ya ɓace.

Mugun abu shi ne motar "wan cans". Sunan daga kiran kwandasta ya samo asali, cewa saura gurbin mutum ɗaya. Kana shiga ka tarar da mota cike da fasinjoji, har da mata, wata ma da kwandon kasuwa a cinya, ashe duk 'yan gida ɗaya ne, kai kaɗai ne baƙo. A da waya da kuɗin aljihu suke ƙwacewa. Yanzu da na'urar POS suke yawo, a karɓi katinka da lambar sirri, a yashe asusun, a turo ka waje mota na tafiya. Dattawan Agege sukan ja kunnen sabon zuwa: "Yaro, in gari bai waye ba ko dare ya yi, ka taka zuwa tasha. Motar da ta tsaya maka ita kaɗai a kan hanya, bar ta ta wuce."

Sunayen tashoshi ma tarko ne. Akwai Tollgate, alhali tun mulkin Obasanjo aka rushe shingen karɓar kuɗin. Akwai Pen Cinema a Agege, silimar ta daɗe da mutuwa. Ƙarƙashin gada kuwa adireshi ne cikakke: a Ikeja da Ojuelegba da Obalende haka kwandasta ke kira, haka mutum ke yi wa baƙonsa kwatance.

Sai gosulo. Ma'aikacin da ke zaune a Ikorodu ko Iyana Ipaja yana aiki a tsibiri, ƙarfe huɗu na asuba yake fita, sallar asuba a hanya, yaransa sai ranar Asabar suke ganin fuskarsa da rana. Cunkoson ya haifi kasuwa mai ƙafa. Daga tagar mota za ka sayi Gala da lemo mai sanyi, cajar waya, agogon bango, matashin kai, maganin ɓera (mai tallar yana riƙe da busasshen ɓera a matsayin shaida), har ɗan kwikwiyo. Idan hanya ta buɗe kafin a biya, sai ka ga yaro ɗauke da kwali a ka yana tsere da mota saboda naira 200. Abin da baƙo bai sani ba, doka ta haramta wannan ciniki, kuma ba mai sayarwa kaɗai ta kama ba. A watan Yulin 2016 Gwamna Akinwunmi Ambode ya ce za a aiwatar da ita sosai: tarar naira 90,000 ko wata shida a gidan yari, ga mai talla da mai saye baki ɗaya. Je ka Ikorodu Road yau da yamma ka ƙirga masu laifi.

Yaƙi da cunkoso tsoho ne. A shekarun 1970 an kafa dokar lamba: mota mai lambar mara ta shiga tsakiyar gari yau, mai cika gobe. Lokacin kuɗin mai na zuba, sai masu hali suka sayi mota ta biyu. Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin ƙasa na cikin gari a 1983, sojoji suka soke shi a 1985, Legas ba ta ga irin wannan jirgi ba sai 2023, da aka buɗe layin Marina zuwa Mile 2. Shekara 40 cif.

Wanda aka kama yana bin hannun da ba nasa ba a titi, ban da tara, akan tura shi likita ya duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa, don hukuma ta ce mai hankali ba zai fuskanci motoci gaba da gaba ba. Motar kuma tana iya zama ta gwamnati. A 2022 an yi gwanjon irin waɗannan motoci fiye da 100 a bainar jama'a, wasu masu motocin suna tsaye cikin taro suna taya kayansu da hawaye.

Dubi madubin gefen motoci da kyau, za ka ga an sassaƙa lambar motar a jikin gilashin. Maganin ɓarayin gosulo ne, masu ɓalle madubi cikin ƙiftawar ido. Barkwancin da ake yi shi ne, in ba ka sassaƙa ba, gobe ka je kasuwar kayan gyara ta Ladipo ka sayi madubinka da kuɗinka.

Oshodi ta dā ita ce inda labaran tsoro suka fi fitowa: kasuwa ta hau titi, ta hau layin dogo, jirgi na tahowa a janye tire, ya wuce a mayar, 'yan yankan aljihu kuma suna aiki a fili. A watan Janairun 2009 Gwamna Babatunde Fashola ya turo motocin rusau suka share wurin, a 2019 aka buɗe katafariyar tasha mai gine-gine uku. Tsabta ta samu, babu musu. Amma har gobe mai wayo jakarsa a ƙirji yake rataya ta a Oshodi. Kuma kada ganin kowa na tsallaka babban titi da gudu ya ruɗe ka. Inda akwai gadar masu ƙafa, jami'an tsabtar muhalli na laɓe a ɗaya gefen, kana sauke numfashi za a riƙe maka wando a kai ka baƙar mota, daga nan sai kotun tafi-da-gidanka.

Ranar da yaro ya sauka sunansa ke ɓacewa. Ko Sani ne ko Modu, Bazabarme ne ko Buzun Agadas, duk Aboki ne, in an so karrama shi a ce Malam. Wani da fara'a yake faɗa, wani da raini, kunne ne ke rabewa. Sana'o'in ma an riga an raba masa: gadi, shayi, tsire, gyaran takalmi, yankan farce, canji, dako, acaɓa, garuwa. Ta ƙarshen nan ita ce abin dariya mai ban haushi. Gari ne da ruwa ya yi wa ƙawanya, teku a kudu, tafki a tsakiya, ruwan sama wata da watanni har ya shiga ɗaki, matatar ruwa ta Iju kuma tun 1915 take aiki, amma famfon gwamnati bai kai yawancin gidaje ba. Mai hali ya haƙa burtsatse, marar hali ya jira ɗan garuwa ya turo kura da jarkoki.

Masu kiransa baƙo da yawa ba su san kakanninsa sun riga nasu zuwa ba. A 1863 wani hafsan sojan ruwan Ingila, John Glover, ya tara wasu Hausawa a Legas, akasarinsu waɗanda suka kuɓuta daga bauta, ya ba su bindiga da kaki, kuma daga wannan ƙaramin rukuni ake ƙirga asalin sojan Najeriya. Obalende matsugunin irin waɗannan sojoji ce tun zamanin Turawa. Agege kuwa goro ne ya kai Hausawa, jirgin ƙasa ya riƙe su, har yau da zangonsu da sarkinsu, da jikokin da Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu.

A bangon gidaje da yawa akwai rubutu da jan fenti, da Turanci, manya-manyan baƙaƙe: wannan gida ba na sayarwa ba ne, a yi hattara da 'yan 419. Lambar ta sashe ce a kundin dokar laifuka, sashen da ya yi magana kan karɓar dukiya da yaudara. Dalilin rubutun, mai gida na iya tafiya Landan ya dawo ya tarar an sayar da gidansa ga mutum uku, kowa da takardarsa da hatimi. A haya ma haka: dillalin bogi ya nuna ɗaki ɗaya ga mutane da dama, ya karɓi kuɗin kowa, ya sa musu rana ɗaya su zo karɓar makulli, su haɗu a ƙofa su kaɗai.

Wanda ya sayi fili na gaskiya ma bai tsira ba, saura omo onile, masu cewa ƙasar ta kakanninsu ce. Za a biya su ranar haƙa harsashi, a biya ranar zuba dakin, a biya ranar rufi, a biya in za a ja katanga ko a haƙa rijiya, motar yashi ma ba ta juyewa sai an sallame su. An yi musu doka ta musamman a 2016, da ɗaurin shekaru a ciki. Magina dai har yanzu suna sa kuɗinsu a lissafin gini, kusa da na siminti.

Ɗakin talaka layi biyu ne suna kallon juna, siririn lungu a tsakiya, banɗaki ɗaya, madafa ɗaya, layin wanka tun kafin kiran assalatu. Dokar haya ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, sai masu gida suka bar kuɗin hayar a inda yake suka ƙara na yarjejeniya da na dillali da na ajiya ko za a yi ɓarna. Saboda haka yaronmu ba ɗaki zai kama ba. Zai kwana a barandar shago, ko harabar masallaci, ko cikin kurar garuwa, ko ƙarƙashin gada, kuma kowanne da mai karɓar kuɗinsa, wanka ma da farashinsa. A 2024 hukumomin jihar suka gano ɗakuna 86 da aka yanka da katako a ƙarƙashin wata gada kusa da rukunin gidajen Dolphin a Ikoyi, unguwar masu kuɗi, 'yan haya na biyan naira 250,000 a shekara. Gadar ta gwamnati ce. Mai karɓar hayar ba gwamnati ba ce.

Gadar Third Mainland tsawonta kilomita 11.8, an buɗe ta a 1990 zamanin Babangida, ta yi shekaru ita ce mafi tsawo a Afirka kafin wata gada a Alƙahira ta karɓe kambun. In ka nufi tsibiri ka leƙa dama, za ka ga gari a kan ruwa, hayaƙin bandar kifi na tashi a kansa. Makoko ce. Masunta ne, da yawansu Egun masu dangi a Badagry da jamhuriyar Benin, gidajensu a kan turaku, titinsu ruwa ne baƙi ƙirin, yaro ɗan shekara biyar yana tuƙa kwalekwale shi kaɗai, mai kayan miya tana zagayawa gida-gida da filafili. Wani masanin zanen gini, Kunlé Adeyemi, ya gina musu makaranta mai iyo a kan gangunan roba fiye da 200, duniya ta yi ta ɗaukar hoto ana ba shi lambobin yabo. A watan Yunin 2016 ruwan sama mai ƙarfi ya rusa ta. Allah ya kiyaye, babu yara a ciki.

Abin da na lura da shi a tarihin rusau na Legas shi ne gajartar wa'adi. Mutanen Makoko awa 72 aka ba su a Yulin 2012 kafin a zo da zarto a yanke turakun gidajensu. Mutanen Maroko kwana 7 gwamnan soja Raji Rasaki ya ba su a Yulin 1990, cikin damina, aka tashi mutum kimanin 300,000. An ce wurin kwari ne, ruwa zai cinye su, don lafiyarsu aka yi. Aka cike kwarin da yashi, yau filin yana cikin mafi tsada a Najeriya.

Bar Beach, bakin tekun da ake zuwa shan iska, nan ne sojoji suka riƙa harbe 'yan fashi a gaban jama'a, a ɗaure su a jikin turaku da ganguna a baya, mutane dubbai su zo kallo har da masu talla. A nan aka harbe Ishola Oyenusi ranar 8 ga Satumbar 1971. Yau ba za ka sami wurin ba. An tsotso yashi daga cikin teku an cike shi, an ja katangar duwatsu, ana gina sabon birni mai suna Eko Atlantic a kai.

Kasuwar waya ta Computer Village a Ikeja tana da shaguna na ƙwarai da masu gyara da babu kamarsu. Matsalar tana bakin titi, wurin samarin da ke raɗa maka farashin da hankali ba zai ɗauka ba. Za a ba ka waya ka duba, ka kunna, ka yi kira, a karɓa a sa maka a kwali. Labarin da kowa ke bayarwa shi ne na wanda ya isa gida ya buɗe ya tarar da ƙoƙon waya an cusa masa tuwon rogo a ciki don ya yi nauyi. Araha dai ba ta ado.

Acaɓa ita ce ta ɗebo samarin Arewa da na Nijar da Chadi da yawa, musamman bayan rikicin Boko Haram ya tarwatsa garuruwan Borno da Yobe. Ita ce kuma sana'ar da gwamnati ta fi sa wa ido. Dokar hanya ta 2012 ta hana su tituna 475. Aka sake tsanantawa a Fabrairun 2020. Daga 1 ga Yunin 2022 aka haramta ta ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, daga baya aka ƙara wasu, kuma fasinja ma ana iya gurfanar da shi. Baburan da aka kama ba a mayarwa. Tara su ake yi dubbai, a kira 'yan jarida, inji ya murƙushe su. Da yawa bashi aka ɗauko su, ana biya kullum, kuma murƙushewar ba ta goge bashin.

Akwai ranakun da tsofaffin mazauna ba sa son tunawa. Ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002 rumbun makamai na barikin Ikeja ya kama da wuta, bama-bamai suka yi ta tashi suna faɗawa unguwanni. Jama'a suka ɗauka yaƙi ne ko juyin mulki, suka runtuma. A Oke-Afa akwai wani magudanar ruwa da ciyawa irin kainuwa ta rufe samansa, cikin duhu masu gudu suka zaci fili ne, na baya na turo na gaba. Fiye da mutum 1,000 suka mutu a ranar, mafi yawansu ruwa ne ya ci su, ba wuta ba. Mako guda bayan haka faɗa ya ɓarke tsakanin Hausawa da Yarbawa a Idi-Araba, aka yi kwanaki ana kisa da ƙone-ƙone. Kasuwar Mile 12 ta ga irin wannan a 1999, ta sake gani a Maris na 2016. Kusan kullum daga ƙaramin abu ake farawa, gardamar mutum biyu, kafin magariba ta zama ta ƙabila biyu.

Mile 12 ɗin nan ita ce tukunyar garin. Tumatir da attaruhu da albasa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Filato a nan ake sauke su tun tsakar dare, caɓi har idon sawu, 'yan dako na ihu a ba su hanya. A ƙarshen Fabrairun 2021 'yan kasuwar abinci da dabbobi na Arewa suka tsayar da lodi zuwa Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Cikin 'yan kwanaki farashin tumatir da nama ya yi tashin gwauron zabo a Legas, a Arewa kuma kayan gwari na ruɓewa a hannun manoma. Ba a daɗe ba aka sasanta, don kowane ɓangare ya ji a jikinsa.

Mutum nawa ne a garin? Ƙidayar 2006 ta ba Legas miliyan 9 da 'yan kai, ta sa Kano a gabanta da kaɗan. Gwamnatin Legas ta ce ba ta yarda ba, ta fito da nata lissafin, miliyan 17.5. Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba, kowa lambar da ta yi masa daɗi yake faɗa. In kana son gardamar da ba ta ƙarewa, tayar da wannan a teburin mai shayi a Agege.

Ranar da dodannin Eyo suka fito a tsibirin Legas, fararen kaya tun daga kai har ƙasa, fuska a rufe, malafa a ka, doguwar sanda a hannu, akwai dokoki ga duk wanda ya ci karo da su: a cire takalmi, a cire hula, ba shan taba, ba hawan babur ko keke. Bahaushe zai iya haƙura da takalmi, hular ce ke masa wuya, sandar kuwa ba ta tambayar daga ina ka zo. A Ikorodu da wasu unguwannin gefe kuma akwai ranar Oro, da ake sanar da mata da baƙi su kulle kansu a gida, kasuwa a rufe, titi fayau. Wanda bai ji sanarwa ba saboda ba ya jin Yarbanci, maƙwabci nagari ne kaɗai gatansa.

Ƙara kuwa ba ta da lokaci. Janareta a kowace ƙofa, coci a saman bene, masallaci a ƙasa, mai sayar da faifai ya juyo lasifika titi. A 2016 hukumar kare muhalli ta jihar ta rufe coci 70 da masallatai 20 saboda damun maƙwabta. Kafin nan Fashola ya gwada wata dabara: ya ayyana 15 ga Oktoban 2014 a matsayin ranar da ba a busa ham a faɗin Legas, aka yi ta shela a rediyo, aka buga takardu aka manna a jikin motoci. Direbobin danfo, waɗanda da ham suke kiran fasinja, da shi suke gaisawa, da shi suke zagi, suka fito da asuba suka ci gaba da aikinsu yadda suka saba.